Huji na Biyar

Ku gafarce ni, masu bibiyata, na kwana biyu ban leƙo ba. Wasu sun turo suna tambaya ko lafiya, wata 'yar'uwa ma ta rubuto cewa in dai na rabu da Mai Walda, in taimaka in kwatanta mata shagonsa. Na gode da kulawa, 'yar'uwa, amma ki ɗan dakata. Abin da ya faru ranar Asabar ne ya riƙe min hannu. Tun daga ranar, duk lokacin da na ɗauki waya zan rubuta sai in ji kunnena yana amsa ƙarar ƙusa a kan ƙarfe. Yau dai na zaunar da kaina. Zan bi da ku a hankali, yadda nake bi da yaran aji uku idan darasi ya yi tsauri.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: ni malamar firamare ce, shekarata ashirin da takwas. Mu biyu ne a gida, ni da Baba, tsohon direban babbar mota da ciwon ƙafa da hawan jini suka sauke daga hanya. Yayata tana gidan mijinta a wani gari, amma muryarta tana gidanmu safe da yamma ta waya. Umma ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ta bar mana lambu a bayan gida, kuma da sunan wannan lambun na yi wata bakwai ina ja wa mutumin da yake sona rai.

In kun ji lambu, kada ku kawo wani abu mai tsari a ranku. Fili ne da bai fi ɗaki biyu ba, tsakanin bangon kicin da katangar maƙwabta, kuma babu tukunyar shuka ko ɗaya a cikinsa da aka sayo. Muna ƙanana albashin Baba ba ya kai ƙarshen wata, sai Umma ta ce ba za ta riƙa sayen ganyen da ƙasa ke bayarwa kyauta ba, balle ta sayi abin da za ta zuba ƙasar a ciki. Tayoyin da Baba ya cire daga mota su ne gidan albasa. Firij ɗinmu da ya mutu ta kwantar da shi rigingine, ta cire ƙofar, ta mai da cikinsa wurin renon iri. Ƙofar kuma ta zama teburin da take shanya 'ya'yan tumatir. Gadon ƙarfen da muka girma a kai ta jingina shi da katanga, kabewa ta hau. Gidan sauron da ya yage yana tare wa latas rana. Robobin ruwa ta huda musu murfi da allura ta kifa su a gindin shuka, suna ɗiga kaɗan-kaɗan har mu dawo daga makaranta. Ɓawon ƙwai, ganyen shayin da aka gama sha, ruwan wankin shinkafa, babu ɗayansu da ya taɓa ganin kwandon shara. Baba yakan ce shi ya sa ba ya tsayawa wuri ɗaya a gidan nan, don in ya yi minti goma bai motsa ba, Umma za ta cika masa aljihu da ƙasa ta shuka alayyahu.

Amma akwai kayan da ba ta taɓawa. Abin da yake na mutum ne shi kaɗai, kofinsa ko akwatinsa ko bahonsa, ko ya tsage ko ya yi tsatsa, sai ta wanke ta ɗora a kan kanta a ɗakin ajiya. Ina 'yar shekara goma na ɗauko tsohon bahon Kaka, na ce mu shuka a ciki tunda ya fara yoyo. Ta karɓe ta mayar.

"Mai shi tana nan," ta ce.

Shekara uku bayan haka, Kaka tana kwance ba ta ko iya juyawa, na dawo daga makaranta na tarar Umma ta kifa bahon a ƙasa tana buga masa ƙusa da dutse. Huji huɗu a gefe, ɗaya a tsakiya. Haka take yi wa kowane abu. Ta ce na tsakiyan shi ke fitar da ruwan ƙarshe, in babu shi sai ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe a ɓoye alhali ganye yana nan kore shar. Kwana shida Kaka ta ƙara a duniya.

Sai wata rana, na riga na fara koyarwa, ina wanki a tsakar gida na ji ƙwan, ƙwan daga baya. Na leƙa. Babbar tukunyar Umma ce, wadda ta zo da ita daga gidansu, ba ta tsage ba, ba ta yoyo.

"Umma, lafiyayyar tukunya?"

"Ta yi min nauyi, Auta," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ta dasa ɗan lemun tsami a ciki. A lokacin babu wanda ya san tana da ciwo. Wata huɗu aka yi ta rasu.

Ni mai karatu ce. Na san ajali na Allah ne, na san ƙusa ba ta ɗaukar rai. Da wata yarinya a ajina za ta zo min da irin wannan magana, da na zaunar da ita na yi mata bayani har ta yi dariya. Amma ƙirjina bai taɓa shiga ajina ba. Tun rasuwar Umma ban sake huda komai ba. Ina ba lambun ruwa, ina ɗaure tumatir da tsummokaran da ta yayyaga daga tsohon zaninta, silifas ɗinta na roba yana bakin ƙofar baya inda ta cire shi. Wani lokaci da sassafe, ina wanke fuska, sai in ji kamar ƙarar nan daga bayan kicin, in fito da gudu, ba kowa, sai robobi suna ɗiga.

Ga kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku. A kan kantar ɗakin ajiya akwai butar shayin Baba ta ƙarfe, wadda ya yi shekara talatin yana dafa shayi da ita a gefen hanya. Gindinta ya yi baƙi, hannunta ɗaure da waya. Kowace safiya kafin in tafi makaranta sai na shiga, na ɗauke ta, na juya gindinta na duba. In na ga ba huji sai in ajiye, in iya fita.

Mai Walda kun san shi, amma bari in tuna wa sababbi. Bara ƙafar gadon nan ta karye, na sa aka kai min shi shagonsa. Ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya dubi tsatsar, ya dube ni.

"Malama, wa zai kwana a kan wannan?"

"Kabewa."

"To gara in yi masa aiki mai kyau. Na ji ba ta da juyi amma tana da nauyi."

Da kansa ya dawo da gadon. Ya tsaya a tsakiyar lambun ya fi minti goma yana kallo, sannan ya ce shi kullum mutane suna kawo masa abin da ya mutu ya tayar, amma bai taɓa ganin wanda ya fi shi iya aikin ba sai yau. Daga nan aka fara. Mutum ne mai sanyin magana, rigar aikinsa shuɗiya duk ƙananan hujin tartsatsi, hannunsa kuma kullum da wani sabon tabo da zai ce bai san lokacin da ya same shi ba. Wata bakwai ke nan yana neman in ba shi rana manyansa su zo wurin Baba. Na ce a bari tumatir ya nuna. Ya nuna. Na ce a bari a gama jarrabawa. Aka gama. Na ce ƙafar Baba.

Ranar Juma'a da yamma ina gyaran littattafan yara saƙon Yaya ya shigo, na murya, minti huɗu. Ban iya saurara duka ba, sai ta biyo da rubutu.

"Auta, kin ji ko kin yi kamar ba ki ji ba?"

"Ina aiki, Yaya."

"Aikin me? Bawan Allah ya yi miki wata bakwai a tsaye kamar fitilar titi. Kin zaci babu masu kallonsa?"

"Baba fa? Wa zai kula da shi?"

"Gidan da zai sa ki mota ɗaya ce daga nan. Kuma Baba ba jariri ba ne. Ki faɗi gaskiya, tayoyin nan ne ba kya iya bari."

"Ba tayoyi ba ne."

"To auri firij ɗin. Shi ma yana kwance yana jiranki."

Na kifa wayar. Ta sake haske, amma wannan karon Mai Walda ne.

"Malama, barka da yamma. Kawuna da zai shige min gaba wurin Baba zai koma garinsu ƙarshen wata, kuma in ya tafi sai baɗi. Ba matsa miki nake ba. Amma in babu ni a lissafinki, ki gaya min gobe, zan iya ɗauka. Zan zo da safe in gyara ƙafar gangar ruwan, na ga ta karkace."

Na karanta sau uku. Na rubuta "To", na goge. Na rubuta "Allah ya kai mu", na tura. Na manta ban gaya masa cewa da safe ina da taron iyayen yara ba.

Ranar Asabar na duba butar kamar kullum, lafiya lau. Na sa doguwar rigata mai ruwan toka da farin mayafi, na ajiye wa Baba maganinsa kusa da rediyo, na fita. Taron ya ja har bayan azahar, don wani uba ya dage sai an bayyana masa dalilin da ɗansa ya zo na goma sha biyu alhali a gida ya fi kowa surutu. Ina amsa shi a hankali, amma raina yana gida.

Tun daga bakin ƙofa na ji dariyar Baba, irin wadda na daɗe ban ji ba, mai ƙarewa da tari. Na ajiye jaka a falo, na bi ta kicin na fita baya. Gangar ruwa tana tsaye daidai a kan sabuwar ƙafa da aka haɗa da guntayen ƙarfe. Baba yana zaune a kan kujerar roba, sandarsa a cinya. Mai Walda yana tsugune yana naɗe wayar injinsa.

A kan ƙofar firij, a tsakiyar rana, ga butar shayin Baba. An cire murfin. An cika ta da baƙar ƙasa. Reshen na'a-na'a uku suna tsaye a bakinta, an ba su ruwa, kuma ruwan yana fita ta ƙasa, yana bin farin ƙarfen yana ɗiga a kan silifas ɗin Umma.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na ɗaga ta sama, na leƙa gindinta, ruwan laka yana bin hannuna yana shiga hannun rigata. Huji ne masu kyau, zagayayyu, aikin inji. Na ƙirga. Huɗu a gefe, ɗaya a tsakiya.

Ban taɓa gaya wa Mai Walda yadda Umma take huji ba. Duk abin da ta huda yana cike da ƙasa, gindinsa a ƙasa, ba mai gani. Na juya na dubi ƙofar baya, wallahi ina jiran in ga inuwarta.

"Malama, sannu da dawowa," ya ce yana murmushi. "Na ce tunda na zo da inji..."

"Wa ya ce ka taɓa?"

Murmushin ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai je ba.

"Na ga ta daina aiki ne, kuma..."

"Mai ita yana nan. Ga shi nan a zaune. Ba ka gan shi ba?"

"Auta," in ji Baba.

"Ka ɗauki kayanka ka tafi. Don Allah."

Ni da ko yaro ya fasa min gilashin taga ba na ɗaga murya, ban ɗaga ba a ranar ma, kuma ina jin da na yi ihu da ya fi masa sauƙi. Ya dubi Baba, Baba ya ɗan girgiza masa kai. Ya sa injin a jaka, ya durƙusa ya yi wa Baba sallama, ya bi ta gefena bai bari ko rigarsa ta taɓa ni ba. Na ji ƙarar babur ɗinsa har ta ɓace.

Na tsaya rungume da butar, laka ta ɓata min gaban riga. Wayata ta yi motsi a aljihu. Na ciro da hannu ɗaya.

"Ki yafe min. Ban san abin da na taɓa ba. Zan iya toshe su duka, in goge, ba wanda zai ga alama. Ki ce in dawo kawai."

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Zai toshe."

"Zai iya kuwa. Yaron yana da hannu. Ajiye butar nan ki jawo bokiti ki zauna, kin tsaya min a kai kamar ɗan sandan hanya."

Na kifa bokiti na zauna, amma ban ajiye butar ba.

"Ni na ba shi," ya ce. "Ni na aike shi ɗakin ajiya, ni na nuna masa inda zai sa bakin injin. Huɗu a gefe, ɗaya a tsakiya. Shekara nawa ina riƙe wa uwarki abu tana bugawa, kin zaci ban iya ƙirga biyar ba?"

"Baba, me ya sa?"

"Saboda na gaji da jin ƙofar ɗakin ajiya kowace safiya. Tana ƙara, kin sani. Ki shiga, ki ɗaga, ki ajiye, ki fito. Ina kwance ina jinki. Mutum yana da rai ana duba gindin butarsa a ga ko ya kusa."

Kunya ta rufe ni. Shekara biyu ina zaton sirrina ne.

"Ta huda bahon Kaka," na ce. "Kwana shida. Ta huda tukunyarta..."

"Juya ki dubi bayanki. Me ke cikin akwatin can?"

Na juya. Tsohon akwatin ƙarfe ne kore, kusa da katanga, attaruhu ya cika shi ya yi ja.

"Attaruhu."

"Akwatin wa?"

Na sake dubansa. Akwatin makarantar kwana na Yaya ne. Har yanzu ana ganin lambar ɗakinsu da ta rubuta da farin fenti.

"Yaushe aka huda shi?"

"Satin da za ta tare."

"Ta mutu?"

"A'a."

"Jiya ma minti huɗu ta yi miki, ina ji daga ɗaki. Ni nawa bakwai ne. Uwarki ta san abin da ta shuka a akwatin nan, ba ta yi kuskure ba."

Dariya ta zo min tare da kuka. Kullum sai na ba akwatin nan ruwa. Kullum. Ban taɓa sa shi a lissafina ba, na ɗauki biyun da suka tsorata ni na bar na ukun.

"Ba ta huda abu don mai shi zai mutu," in ji Baba. "Tana hudawa ne in mai shi ya gama da shi. Ta ce abin da aka gama da shi, in aka bar shi a kanta, tsatsa ce kawai za ta ci. Ni na gama da hanya, Auta. Shekara biyar rabona da sitiyari. Ina ajiye butar nan kamar gobe za a kira ni lodi."

Ya murza kan sandarsa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Shiga ɗakina. Hau kujera. A saman kabad, can baya, akwai abu a cikin buhun shinkafa. Ɗauko."

Na ajiye butar a kan ƙofar firij, na shiga. Ɗakin yana warin man zafi da tsohuwar takarda. Na hau kujera, na tura hannu bayan akwatuna, na jawo buhun. Ba nauyi, amma wani abu yana ƙara a ciki. Na fito da shi rana, na buɗe a gabansa.

Bokitina ne. Ɗan ƙaramin bokitin ƙarfe shuɗi da Umma ta samo min ina 'yar shekara biyar, don in daina jan zaninta in ta tafi ban ruwa. Da shi na koyi tafiya da ruwa ba tare da na zubar ba. Ko da na girma, da shi nake ba ƙananan iri ruwa a cikin firij. Ya ɓace kwanakin da take asibiti, na juye gidan nan ban gan shi ba.

Na kifa shi. Huji ne na ƙusa, ba su daidaita ba, bakinsu ya lanƙwashe ciki. Hannu marar ƙarfi ne ya yi su, an ga inda ƙusar ta zame sau biyu ta kankare fenti. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Tsakiyar ba komai. Abin da ke ƙara a buhun kuwa ƙusarta ce, doguwar nan mai lanƙwasasshen kai.

"Ranar da za mu koma asibiti na ƙarshe ta yi," in ji Baba. "Kina makaranta. Na riƙe mata. Da ta yi huɗu sai ta ajiye dutsen. Na ce ko in ƙarasa, ta ce a'a, na tsakiyan ba nata ba ne, ba kuma nawa ba. Ta ce in na ga kin samu inda za ki, in ba ki."

"Shekara biyu, Baba."

"Wata bakwai dai. Kafin nan ba ki samu ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Tun ranar da yaron nan ya dawo da gado na san lokaci ya yi. Na hau kujerar nan da ƙafata mai ciwo, na taɓa buhun, na sauko. Sau uku. Kina cewa tumatir, ina cewa gaskiya ne, tumatir. Kina cewa jarrabawa, ina jin daɗi. Yayarki tana zaginki, alhali rabin zagin nawa ne. Gidan nan in kin fita shiru zai yi, shi na ji wa tsoro. Ki yafe min."

Ban taɓa jin Baba ya nemi gafarar 'ya'yansa ba. Na sunkuyar da kai ina kallon bokitin. Rana tana shiga ta hujin huɗu, ta yi ɗigo huɗu a kan rigata.

"Wa zai ba su ruwa?" na ce.

"Ni. Ki rubuta min a takarda da manyan baƙaƙe, irin na 'yan aji ɗaya. Wanda ya kai mota mai taya goma sha takwas gari-gari ba zai kasa da albasa ba."

Na ɗaga kai na dubi lemun tsamin Umma a cikin tukunyarta. Ya fi ni tsawo yanzu, bana ya fara fure.

"To tukunyar fa? Ita ba aure ta tafi ba."

Ya dubi tukunyar.

"Ita ta sani. Likita ya gaya mata, ta hana ni faɗa muku. Ba hujin ne ya kawo ciwon ba, Auta. Ta san ta gama da tukunyar ne, ta ce gara ta ga abin da zai fito a ciki da idonta."

Iska ta ɗan kaɗa gidan sauron da ke kan latas. Robobi suna ɗiga. Na dubi butar shayin a kan ƙofar firij, na dubi Baba: idon sawunsa da ya kumbura, wuyan rigarsa da ya yi masa yawa tun watan jiya, abin da na gani na ce wanki ne ya buɗa shi.

"Kai fa, Baba? Akwai abin da ka sani?"

Ya yi murmushi. Ya miƙa sandarsa ya turo min dutsen Umma da ke gindin taya, baƙin nan mai santsi.

"Rana tana yi. Yaron nan yana can yana kallon waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa."

Na ɗauki wayar. Hannuna duk laka, na ɓata gilashin. Na rubuta: "Kada ka toshe. Ka gaya wa Kawu su zo ranar Asabar mai zuwa. Kuma ka yafe min." Ban kai ga ajiyewa ba amsa ta shigo: "Ina bakin layinku. Ban iya tafiya ba."

Na kifa bokitin a ƙasa. Baba ya sunkuyo da ƙyar ya riƙe min gefensa da hannu biyu, yadda ya saba riƙe wa Umma. Na ɗora ƙusar a tsakiya. Bugu na farko ta zame. Na biyu ta kama. A na uku ta shige, kuma ƙarar da ta fito ita ce dai wadda nake ji da sassafe, ƙwan, sai dai wannan karon na san hannun da ya yi ta.

Daga waje na ji babur yana tahowa a hankali. Baba ya saki bokitin, ya jawo butarsa ya ɗora a cinya, ya tsinki ganyen na'a-na'a ɗaya yana shinshinawa, idonsa a rufe.

Yau kwana huɗu ke nan. Na rubuta wa Baba takardar ban ruwa, ya manna ta a bangon kicin. Na daina shiga ɗakin ajiya, ba abin da zan duba. Bokitina yana kan taga, hujinsa biyar, ban zuba masa ƙasa ba tukuna.

Tambayar da na yi wa Baba kuwa, har yanzu bai amsa ba.